Ƙabalu Da Sadalu: Yaushe Hannu Ya Zama Tuta?

Wata Juma'a a unguwarmu nan Gadarif, wani saurayi ya tare kawuna a ƙofar masallaci ya ce, "Baba, sallarka da gyara, har yanzu sakin hannu kake yi." Kawu ya haura saba'in, a gonar riɗi ya tsufa, da sadalu ya ga iyayensa suna salla. Bai tanka ba, ya sa takalmansa ya wuce. Tun ranar a gida yake Magariba da Isha'i. Ni kam ba zan yi shiru ba.

Jama'a, wannan saɓani ya girme mu duka. A Muwaɗɗa akwai hadisin ɗora dama a kan hagu. A Mudawwana kuma Ibnul Ƙasim ya ruwaito cewa Imamu Malik bai so hakan a farilla ba. Malikawa ba su lissafa ko ɗaya cikin farillan salla ba. To wa ya ba ɗan jiya izinin korar tsoho daga sahu?

Ku dubi ƙasar kakanninmu. A Kano, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, wanda ya hau mulki a 1953, mai ƙabalu almajirin Shehu Ibrahim Inyass ake ɗaukarsa, masu sadalu na yi masa kallon mai sabon abu. Bayan an kafa Izala a Jos a 1978, sai ga masu adawa da ɗariƙa su ma da hannu a ƙirji. A nan Sudan kuwa wasu na ganinka haka sai su ce Ansarus Sunna ne. Riƙo ɗaya, suna uku. Me hannun ya shaida ke nan?

Mabiya addinin Buda suna sassaƙa malaminsu ya haɗa babban yatsa da manuniya, alamar koyar da hikima. Amma ko dutse an iya sassaƙa masa wannan. Yatsu ba sa zuba hankali a kai.

Ban ce kowa ya bar abin da ya gamsu da shi ba. Ni ma ƙabalu nake yi. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, garin nan ya cika da 'yan gudun hijira daga Hartum da Madani, suna shiga sahunmu kowa da irin riƙonsa. Wanda ya ga hannunsu bai ga yunwarsu ba, me ya karanta?

Gobe da Magariba zan je in ɗauko Kawu. Kusa da ni zai tsaya.