Taransfoma da Sabubban Mutuwarta

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Azare, musamman cikin watannin Maris da Afrilu da rana ke ƙuna har dare ya raba ɗaki bai huce ba, ya san babu labarin da ke saurin karaɗe unguwa irin a ce taransfoma ta buga. Domin kafin gari ya waye masu ƙanƙara sun yi cirko-cirko, masu walda sun rufe shago, mai injin markaɗe ya koma ga fetur, kuma an fara yawo gida-gida da takardar karo-karo. Mun ƙware wajen tara kuɗin gyara, alhali kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar abin da ke cikin wannan tankin ƙarfe da ke gurnani a bakin titi, balle illar da ke kashe shi.

Haƙiƙanin al'amari, taransfoma ba ta samar da wuta ko ƙwayar zarra, iyakacinta ta karɓa da wani ƙarfi ta miƙa da wani. A cikinta akwai naɗin wayar jan ƙarfe guda biyu da aka zagaye a jikin falle-fallen baƙin ƙarfe, kuma abin al'ajabi, naɗin nan biyu ba sa taɓa juna. Sai dai da yake wutar da muke amfani da ita tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, naɗin farko yakan haifar da maganaɗisu mai canzawa a cikin ƙarfen, shi kuma maganaɗisun ya tayar da wuta a naɗi na biyu, bisa ƙa'idar da Michael Faraday na Ingila ya gano a shekarar 1831. Idan zagayen naɗi na biyu ya fi yawa, ƙarfin wuta ya hau. Idan ya gaza, ya sauka. Ƙananan irinta suna nan cikin injin walda da cajar waya da sitabilaiza, ba mu dai lura ba ne.

Hikimar ɗaga ƙarfin kuwa ita ce, waya tana cin wani kaso na wutar da ke bi ta cikinta ta mai da shi zafi, amma in aka ninka ƙarfin sau 10, hasarar takan ragu sau 100. Saboda haka wutar da aka samar a madatsun Kainji da Jebba da Shiroro ake ɗaga ta zuwa bolt 330,000 ta keto dazuzzuka, a sauke ta zuwa 132,000 a Kumbotso ta Kano, ta biyo ta Dutse ta iso tashar Azare, inda ake sake sauke ta zuwa 33,000 a rarraba wa garuruwan ƙasar Katagum, har ta zo ga taransfomar unguwa wadda ke mai da ita kimanin bolt 230 da ƙwan fitila zai iya ɗauka. Wannan ta ƙarshen ita ce mafi ƙanƙanta a cikin silsilar, kuma ita ce aka fi zalunta.

Kowace taransfoma da iyakar da maƙerinta ya rubuta a wani ɗan faranti a jikinta. An kafa tamu lokacin da unguwa ke da gidaje ƙalilan, kowa da ƙwansa da fankarsa da rediyo. Yau kuwa garin ya faɗaɗa, an ja waya daga wannan falwaya zuwa waccan ba tare da lissafi ba, ga firiza, ga dutsen guga, ga famfon rijiyar burtsatse, duk a wuyanta, kamar jakin da ake ta ƙara wa mangala ana mamakin durƙushewarsa. Da zarar fis ya tsinke, wanda shi ne gargaɗin da aka tanada, sai a nemo wani mai ƙarfin hali ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa, mutane su yi ta shi masa albarka, ba su san ya cire mata garkuwa ba ne. Sa'an nan ga mas'alar mai: man da ke cikin tankin shi ke sanyaya naɗin, shi ke hana wuta tsallakawa, kuma shi ne ɓarayi ke tsiyayewa da dare, in ma ba su yanke wayoyin jan ƙarfen sun kai wa masu sayen jari-bola ba. Mukan ce ƙaddara ce, kuma ba na musun ƙaddara; amma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

Game da haƙƙi, tun da aka sayar da harkar rarraba wuta ga kamfanoni a watan Nuwamba na 2013, jihar Bauchi ta faɗa ƙarƙashin kamfanin da ke Jos, tare da Filato da Gombe da Binuwai, kuma hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki ta sha bayyana cewa gyaran taransfoma da musanya ta wajibin kamfanin rarrabawa ne, kuma duk jama'ar da ta ga dole ta sa kuɗinta, to, ta fara ƙulla yarjejeniya a rubuce kan yadda za a mayar mata. Ban ga laifin mabuƙaci da duhu ya ishe shi ba, sai dai ina ganin takardar karo-karo da ba ta da takardar yarjejeniya a bayanta sadaka ce ga wanda bai cancanci sadaka ba. Haka kuma taransfomar da ɗan siyasa ke saukewa da kiɗa gab da zaɓe, sau da yawa ba a auna ta da nauyin unguwar ba.

Abin da ya rage a wuyanmu shi ne tsaro, wanda nake ɗauka a matsayin farillar kifaya: mai unguwa da limami su sa a kewaye ta da shinge, a kunna fitila a kanta, 'yan sintiri su riƙa leƙa ta, a hana kowa taɓa fis in ba ma'aikaci ba, kuma duk wanda ya ga ɗigon mai a ƙarƙashinta ko ya ji gurnaninta ya canza, ya kai rahoto a rubuce a ranar, ya riƙe kwafi.