Shin 'Ya'yan Sabo Ne Suka Kashe Makarantar Gwamnati?



Duk shekara idan sakamakon jarrabawar gama firamare ya fito a ɗan garin nan namu na ƙasar Remo, kusa da Shagamu, magana ɗaya ake ji, wai makarantar gwamnati ta lalace ne tun da 'ya'yan Hausawa suka cika ta. Ni da kunnena na ji wani malami ya faɗi haka a taron iyaye da malamai, alhali ɗiyata tana ajinsa.

Gaskiya ne yaranmu sun yi yawa a can, amma a tambayi dalili mana. Masu hali daga cikin 'yan gari sun kwashe nasu sun kai makarantun kuɗi, aka bar ɗan mai goro da ɗan mahauci da ɗan talakan Bayarabe, wanda shi ma faɗuwar yake yi, sai dai ba a kiran sunan ƙabilarsa. Da masu halin suka tafi, masu bin kadi ma sun tafi. Iska ta yaye rufin aji, babu mai zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma. Malami ya yi ritaya, ba a kawo madadinsa ba. Ga yaro ya tashi da Hausa a gida, a yi masa bayani da Yarbanci, a yi masa jarrabawa da Turanci, sannan a ce daƙiƙi ne!

Dokar UBE ta 2004 ta ce ilimin firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, ba ta ce sai ɗan asalin gari ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 kuma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali.

To amma ita wannan doka ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin tura yaro makaranta, mu kuwa ranar kasuwa tiren talla muke ɗora masa. A taron da na ambata, mu Hausawa ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba, shi ya sa malamin ya samu bakin magana.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya da Sarkin Hausawa su nema mana kujera a kwamitin kula da makarantar kafin a koma hutu, mu kuma yi karo-karo mu ɗauki malamin da zai riƙa yi wa 'yan aji ɗaya zuwa uku bitar Turanci da lissafi da Hausa bayan an tashi Islamiyya.