Hanyar Lome zuwa Aneho: wa zai biya kuɗin yashi?

Tsakanin Lome da Aneho, a ƙasar Togo, akwai hanya mai tsawon kilomita kusan 45, wadda hukumomin can ke kira hanyar ƙasa mai lamba 2. Motar da ta taso daga Abijan ko Akara za ta Kwatano ko Legas, nan take bi. Hanyar tana shimfiɗe bisa wani siririn tudun yashi, ga teku a kudu, ga tafkin Togo da fadamunsa a arewa. Wadda ake bi a yau ita ce ta uku. Biyun farko teku ta haɗiye su, tare da gidaje, gonakin kwakwa da maƙabartun ƙauyukan masunta da ke gabas da Lome.

A wurin tarukan ƙasa da ƙasa, an saba ɗora laifin kacokan bisa canjin yanayi. Da gaskiya a ciki. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya na rukunin GIEC sun auna cewa tekun duniya ta ƙaru da santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma hawan yana ƙara sauri: milimita 3.7 a shekara tsakanin 2006 da 2018. Amma a wasu wuraren gaɓar Togo, an ga shekarun da ƙasa ta ja da baya da mita 10. Milimita ba ta cin mita goma ita kaɗai. Akwai hannun ɗan Adam, kuma an san shekarun da aka sa shi.

Ga yadda abin yake. Igiyar ruwa a wannan yanki tana bugun gaɓa ne a karkace, tana tura yashi daga yamma zuwa gabas, dare da rana, wajen mita mai kusurwa shida miliyan guda a shekara. Muddin abin da ya tafi gabas ana mayar da gurbinsa daga yamma, gaɓa na nan inda take. A 1965 Gana ta kammala madatsar Akosombo bisa kogin Volta, yashin da kogin ke kawowa ya fara kwanciya bayan dam. A 1968 Togo ta buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome, da doguwar katangarta ta duwatsu da ta kutsa cikin teku. Katangar ta tare yashin. A yammacinta bakin ruwa ya yi ta faɗi har aka sami filin gini. A gabashinta igiya ta iso da yunwa, ta shiga cin abin da ta tarar, wato Bagida, Agbodrafo, Kpeme, da hanyar da ta haɗa su. Sai kuma masu ɗibar yashin gini suka zo da motocinsu suka ƙara wa Borno dawaki, kafin a hana su.

Maganin da aka fara kawowa ya gaji halin cutar. A ƙarshen shekarun 1980 an jera gajerun shingayen duwatsu masu shiga teku a Kpeme da Aneho, don kare masana'antar fosfat da tsohon birnin. Sun yi aikinsu. Sai dai shinge ba ya haifar da yashi, riƙe shi yake, kuma abin da ya riƙe na maƙwabcin gabas ne. Maƙwabcin nan shi ne Benin, inda gaɓar Hilakonji zuwa Gran-Popo ta shiga zaizayewa. Kowa ya kare ƙofar gidansa, ya tura ruwa gidan na gaba, kamar yadda muke yi a unguwanninmu da damina.

Sai da aka kai 2018, lokacin da Bankin Duniya ya ƙaddamar da tsarin WACA, aka soma kallon gaɓar a matsayin abu guda. A 2022 da 2023 ƙasashen biyu sun yi aiki na haɗin gwiwa daga Agbodrafo zuwa Gran-Popo: sabbin shingaye, gyaran tsofaffi, da tarin yashi na mita mai kusurwa shida miliyan 6.4 da kamfanin Boskalis ya tsotso daga ƙasan teku ya jibge a ɓangaren Benin, don igiya ta riƙa rarraba shi da kanta. Wannan aiki ya cancanci yabo, kuma ba mu da rowar yabo ga wanda ya yi daidai. Amma mai karatu ya lura: an zuba yashin ne da sanin cewa zai tafi. Wata rana zai ƙare, katangar Lome tana nan, teku kuma ta ƙara hawa bisa inda take a yau. Kaso mai yawa na kuɗin bashi ne. Ran da za a sake zubawa, aljihun wa za a taɓa?

A nan ne maganar ta shafe mu. Wani zai ce me ya haɗa ɗan Nijar, wanda ƙasarsa ba ta da ko taku guda na bakin teku, da hanyar Aneho? Har ma ya ƙara da cewa manyan motocinmu, in sun fito tashar Lome, arewa suke dosa ta hanyar Sinkase, ba sa bi ta Aneho. Haka ne. Amma katangar da ke hana yashi wucewa ita ce ke ba jirgin da ya ɗauko mana shinkafa, magani da kayan gini wurin tsayawa cikin ruwa mai natsuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Gaya da Malanbil, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano sun karkata zuwa Lome, suna ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji. Kowace uwar gida ta ji tsadar wannan zagaye a kasuwa. Ko ta Kwatano aka bi, labarin bai sake ba, domin tashar can ma ta janyo zaizayar unguwannin da ke gabas da ita. Albasar Galmi da dabbobinmu kuwa, kasuwanninsu suna jere ne bisa wannan gaɓa. Muna cin moriyar tashar; masuncin Bagida ne ke biya da gidansa.

Ba ƙaramar asara ba ce. Binciken Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓar teku ta ci wa Benin, Kodebuwa, Senegal da Togo dalar Amurka miliyar 3.8 a shekarar 2017 kaɗai, fiye da miliyar 2,000 na kuɗin CFA. Ƙasar da ke zubar da irin wannan dukiya, ko ba jima ko ba daɗe za ta nemi fanshe ta bisa kayan da ke ratsa ta. Gara mu je teburin da kanmu tun ana tsara lissafin, da a aiko mana da shi a rubuce.

Ra'ayinmu shi ne, tsallakar da yashi daga yammacin katanga zuwa gabashinta ya zama aikin yau da kullum na tashar, kamar yasar hanyar jirage, a sa shi cikin kasafinta, a daina jiran masu ba da lamuni duk bayan shekara talatin. Mun san wani abu zai hau kan kowane tan na kaya, kuma talakan Damagaram ne zai ji shi a ƙarshe. Shi ya sa tilas a bayyana adadin a fili, a san asusun da yake shiga, kada ya bi sahun kuɗaɗen da ake karɓa a shingayen hanya ba tare da takarda ba. Haka nan, babbar hanyar Abijan zuwa Legas ta kilomita 1,028 da CEDEAO ke shiryawa bai kamata ta kwanta inda ruwa ya riga ya ci hanya biyu ba.

Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma ba ta rasa bakin magana ba. Kujerarta tana nan a UEMOA, ƙungiyar da ta tsara taswirar kula da gaɓar Afirka ta Yamma tun 2011. Hukumar CNUT, mai kula da masu sufurin kaya, tana da wakilai a tashar Lome. Muna son ministan sufuri ya gaya wa jama'a nawa ƴan kasuwarmu ke biya a can kowace shekara, kuma cikin wannan kuɗi, jika nawa ke komawa ga gaɓar da ke gabas da katanga.