Daga Kano zuwa Jidda: Kilomita Ba Ta Canzawa, Sa'o'i Ne Ke Ƙaruwa

Tsakanin Kano da Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400 idan aka ja layi kai-tsaye. Jirgin fasinja na zamani yana tafiyar kusan kilomita 850 a sa'a guda, don haka lissafi ya ba da sa'o'i huɗu a sararin sama, da ɗan ƙari na tashi da sauka. Agogon Saudiyya kuma yana gaban na Najeriya da sa'o'i biyu, shi ya sa tafiyar ke ƙara tsawo a kan tikiti. Wannan lissafin ɗalibin sakandare ma zai yi shi. Sai dai ra'ayina shi ne, ba shi ke auna nisan Jidda ba. Abin da ke auna shi shi ne halin da ƙasashen da ke tsakani suke ciki.

Layin nan yana ratsa Chadi, ya ratsa Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya. A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, makonni kaɗan kafin fara jigilar alhazai. Jiragen maniyyatan Najeriya suka koma yin zagaye, tafiya ta ƙaru da sa'o'i.

Ƙarin sa'a ɗaya a sama ba ƙaramin abu ba ne. Jirgi zai ƙona ƙarin mai, man kuma nauyi ne, wanda kan rage kaya ko fasinjan da za a ɗauka. Matuƙa suna da iyakar sa'o'in aiki da doka ta gindaya musu, kuma sawun da jirgi ɗaya zai yi a rana yana raguwa. A ƙarshe duk wannan yana taruwa ne a kuɗin kujera, a wuyan manomi ko malamin makaranta da ya yi shekaru yana adashi.

Magabatanmu sun fahimci wannan sarai. Su da suka yi hajji a ƙafa, ta Borno da Wadai da Darfur har gaɓar teku a Sawakin, sun san cewa tafiyar kan ɗauki shekaru, kuma amincin hanya ne ke yanke tsawonta. Da yawa sun tsaya a Sudan suka yi gida. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi gabas da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Jirgin sama ya sa mun ɗauka cewa mun rabu da abin da ke ƙasa. Ba mu rabu ba. Saboda haka bai kamata mu riƙa kallon yaƙin Sudan a matsayin labarin nesa ba: 'yan'uwanmu Hausawa suna cikinsa, hanyarmu ta zuwa Ɗakin Allah kuma ta kansa take bi. Ya dace hukumar alhazai ta riƙa bayyana wa maniyyata hanyar da za a bi da abin da zagaye ke ƙarawa a kuɗin kujera, gwamnati kuma ta ɗauki sulhun Sudan a matsayin buƙatar gida.