Karatun manya ta WhatsApp: kada saƙon murya ya kori rubutu

Da an gama girbin gero, magidanta da samari da yawa daga Bazaga da ƙauyukan Ƙonni, Malbaza da Illela sukan tafi cin rani, wasu Legas, wasu Abijan. A daidai wannan lokaci ne kuma aka saba buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci. Don haka shawarar a mayar da aji cikin guruf na WhatsApp tana da ma'ana, tunda darasi zai iske ɗalibi duk inda yake. Ina goyon bayanta, amma da sharaɗi ɗaya: a riƙa rubutu.

Nijar ta riga ta gwada waya a karatun manya. A shekarun 2009 da 2010, ƙungiyar Catholic Relief Services da masu bincike, ciki har da Jenny Aker ta Jami'ar Tufts a Amurka, sun gudanar da shirin ABC a ƙauyukan Dosso da Damagaram. An koya wa wasu azuzuwa amfani da ƙaramar salula, aka bar wasu da allo da alli kawai. Masu salular suka fi cin jarrabawar rubutu da lissafi. Ba abin mamaki ba ne. A lokacin saƙon tes ya fi kira araha, mai son aika shi kuma dole ya haɗa baƙi da wasali da kansa, ko bayan an tashi daga aji.

Tun 2013 da WhatsApp ya kawo saƙon murya, wannan dole ta kau. Mai albasa zai iya cinikinsa duka ba tare da ya taɓa harafi ba. Idan aka bar guruf ɗin karatu a haka, zai koma dandalin gaisuwa da tura bidiyo.

Mafita ita ce malami ya yi bayani da murya, ɗalibi ya amsa a rubuce, ko ya rubuta a takarda ya ɗauki hotonta ya turo. Guruf ya zama ƙarami, yadda malami zai gyara wa kowa. A ware wa mata nasu da malamarsu, a lokacin da waya ke hannunsu.

Malamin ma yana bukatar mai bibiyarsa. Wani bincike na baya a Maradi da Damagaram ya nuna cewa kiran malamai a waya duk mako ya ƙara wa ɗalibai ƙoƙari. Duk mai shirin buɗe irin wannan aji a jihar Tawa, ya sa kuɗin wannan bibiya a kasafinsa tun kafin kuɗin data.