"Ai Kyauta Ce": Maganar Da Ke Korar Masu Rubuta Mana Emuleta

Yau ba koyarwa za mu yi ba, faɗa na zo yi, kuma da kai nake, kai da ka sauke PPSSPP, ka canza mata suna da tambari, ka cusa mata talla, ka watsa a guruf-guruf kana cewa kai ka haɗa. In an yi maka magana sai ka ce "ai kyauta ce". To, kyauta daban, marar mai shi daban.

PPSSPP ɗin da muke buga ƙwallon PES da God of War da ita a waya, wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Henrik Rydgård ne ya fara ta a 2012, ya sake ta ƙarƙashin lasisin GPL. Lasisin nan ya ba ka dama mai faɗi: ka yi amfani da manhajar, ka gyara ta, ka raba, kai har sayarwa za ka iya. Shi kansa mai ita yana sayar da PPSSPP Gold a Play Store don samun tallafi. Sharaɗin kaɗan ne: kar ka goge sunan masu haƙƙi, duk wanda ka ba manhajar ka ba shi damar samun asalin rubutun kod ɗin da ka gyara, kuma ka bar ta a kan lasisin da ka same ta. Don Allah ina wahalar take? An ba ka aron gona, an ce ka bar iri kawai, kai kuma ka cinye iri ka tuge alamar iyaka.

Kar ka ɗauka ƙananan 'yan guruf ne kaɗai ke wannan. A 2014 masu RetroArch suka fito da hujjar cewa na'urar RetroN 5 ta kamfanin Hyperkin tana ɗauke da kod ɗin Snes9x da Genesis Plus GX, alhali lasisinsu ya haramta kasuwanci da su. Haka masu PCSX2, emuletar PlayStation 2, suka zargi DamonPS2 da ɗaukar aikinsu ta rufe shi tana karɓar kuɗi a Android. Da yawanmu mun saka DamonPS2 a waya ba mu taɓa tambayar daga ina ta fito ba.

Sakamakon fa? AetherSX2, wadda ta sa talaka ya buga wasannin PS2 a waya lafiya lau, mai ita ya dakatar da aiki a Janairun 2023, ya ce ya gaji da masu sojan gona da sunansa, da ƙorafi marar ƙarewa, har da barazanar kisa. A Satumbar 2024 kuma Stenzek, mai DuckStation ta PlayStation 1, ya cire manhajarsa daga GPL ya mayar da ita kan lasisin CC BY-NC-ND, wanda ya hana kasuwanci da ita, ya kuma hana raba wadda aka gyara. Dalilinsa shi ne masu kwashe aikinsa suna goge sunansa.

Gaskiya ni ban goyi bayan matakin Stenzek ba. Ɓarawon da bai ji kunyar taka GPL ba, sabon lasisi ba zai hana shi komai ba. Wanda aka ɗaure wa hannu shi ne mai gaskiya, ɗalibin da ke son ya gyara wani abu ya raba wa jama'a bisa ƙa'ida. Kuma tsofaffin nau'o'in da aka riga aka saki kan GPL suna nan kan GPL, ba a janye su. Amma kafin ka zage shi, tambayi kanka wa ya kai shi bango. Mutum ya kwashe shekaru yana aiki ba albashi, wani ya zo dare ɗaya ya manna sunansa a kai.

Wani zai ce ai manyan kamfanoni ne abokan gabar emuleta. E, Nintendo ta kai Yuzu kotu, a Maris 2024 masu ita suka amince da biyan dala miliyan 2.4 suka rufe, Citra ma ta tafi tare da ita. Wannan duka ne daga waje. Wanda nake magana a kai daga cikin gida yake, kuma shi ne muke da ikon hanawa.

Saboda haka, ka sauke emuleta daga shafin masu ita ko asusunsu na gaskiya a Play Store. APK ɗin da aka ce "mod" ko "cracked" ba ka san abin da aka zuba a ciki ba, ga shi wayar da kake buɗe manhajar bankinka ce. In kana gyara manhaja, buɗe fayil ɗin LICENSE ka karanta tukuna, ka bar sunayen mutane, ka ɗora kod ɗinka a GitHub. In kana da hali, sayi Gold ɗin.

Daga yau duk wanda ya turo lin ɗin emuleta da aka goge sunan masu ita a ƙarƙashin rubutunmu, za mu share shi. Wanda yake ganin na yi tsauri, ga wajen sharhi nan, ya kawo hujjarsa mu tattauna.