FILIN KWALLIYA: Gashinki Ya Tsaya, Ko Madubi Ke Ruɗarki?



Watan jiya na je Ajingi bikin 'yar ƙanwar Innarmu. Ana cikin yi wa amarya kitso sai wata ƙanwata 'yar aji biyar ta matso kamar za ta yi kuka, ta ce, "Yaya, ni fa gashina ya tsaya cak. Wata shida ina shafa chebe da man shanu, 'yan kuɗina sun ƙare, shiru kake ji." Na ce, "Da me kika auna?" Ta ce, "Madubi mana." Dariya ta kama ni.

'Yar uwa, madubi ba ya tuna jiya. A wata guda gashi bai cika wuce rabin inci ba, namu kuwa ga nannaɗewa, da ya sha ruwa sai ya ƙanƙance. Hoto ne zai gaya miki gaskiya, amma fa sai kin iya ɗauka.

Ki bari sai ranar tsifa, kin wanke ya bushe kin taje. Ki tsaya bakin ƙofa da hantsi, haske na fuskantarki, kar ki ba shi baya. Ki goge idon kyamarar, don yatsunmu ba sa rabuwa da maiƙo. Ki kamo gashi kaɗan daga ƙeya ki miƙar, ki ɗora tef ɗin tela, ƙanwarki ta ɗauka. Wata mai zuwa ki koma wannan ƙofar, ki kamo daidai wurin nan, ki rubuta kwanan wata. Kar ki yanke hukunci sai hotuna uku sun taru.

In tsawon bai ƙaru ba, sau da yawa ba tsiro ya tsaya ba, bakin gashin ne ke karyewa, ko don bushewar hunturu, ko rilaksa, ko taza da ƙarfi. Wanda kike gani a mataji ranar tsifa kuwa kar ya tada miki hankali, sili 50 zuwa 100 na zuba kullum, kitso ne ya riƙe su.

Hoton goshi ya fi damuna. Shuku da kalaba masu ɗaurin tsiya suna cin gaban kai a hankali, mai shi ba ta sani ba. Da kin ga goshi na ja da baya, ki ce wa makitsiya ta sassauta hannu, ko da za ta ɓata rai. In saiwar ta mutu, babu man da zai dawo da ita. In kuwa wani wuri ne ya ƙwaƙule fes kamar kwabo, asibitin Gaya ba nisa.

Sannan don Allah, hoton nan kanki ba ɗankwali ne. Wayoyinmu kullum suna shagon mai caji, ki sa wa taki lambar sirri. Saurayi kuwa, ko ya yi rantsuwa da me, ba nasa ba ne.

Ƙanwar tawa dai mun ɗauki na farko a ƙofar ɗakin Inna, inci 5 da rabi. Ta ce wallahi ƙarya tef ɗin yake yi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.